TIKITIN JIRGI BA YA BUƊE IYAKA: Abin Da Mai Tafiya Hutu Zai Duba Kafin Ya Sayi Fas

Duk wanda ya fito daga cikin birnin Kano ta Ƙofar Nasarawa ko ta Ƙofar Mata ya nufi gabas, ba zai yi nisa ba zai tarar da tsohuwar tashar jirgin ƙasa, wadda mutanen gari suka fi sani da Reluwe. A cikin shekarar 1911, zamanin Sarkin Kano Abbas, aka kawo dogo wannan wuri, a shekarar da ta biyo baya kuma aka buɗe shi sosai domin ɗaukar mutane da kaya. Daga nan aka yi ta lodin gyaɗa da fatu da ƙiraga zuwa bakin teku, daga nan kuma 'yan makaranta da ma'aikata suka riƙa tashi zuwa Zariya da Kaduna da Legas. Amma a cikin shekaru fiye da 110 ɗin nan, babu fasinja ko ɗaya da ya taɓa shiga tarago a tashar Kano ya sauka a wata ƙasa.

Dalili kuwa shi ne, dogon Nijeriya bai taɓa tsallake iyaka ba. An kai shi Ƙaura Namoda a 1929, an kai shi Nguru a 1930, ya isa Maiduguri a 1964, kuma kowane reshe ya tsaya tun bai kai bakin iyaka ba. Turawan Ingila sun shimfiɗa nasu ne domin jan amfanin gona zuwa tashoshin ruwansu, Faransawa ma suka yi haka a ƙasashen da suka mallaka, har faɗin dogon ma bai zo ɗaya ba: na Nijeriya milimita 1,067, na Faransawa milimita 1,000. Saboda haka Bakano, wanda kakanninsa suka yi fatauci har Gwanja da Agadas da Tarabulus a kan jakuna da raƙuma, sai ya je wata ƙasa sa'an nan yake ganin yadda ake ƙetare iyaka a cikin jirgin ƙasa.

Masu zuwa can ɗin kuwa ba kaɗan ba ne. Akwai ma'aikatan gwamnati da malaman jami'a da kan je kwas ko taro a ƙasashen Turai, su ɗora 'yan kwanakin hutunsu na shekara a kai. Akwai ɗalibai 'yan Yakasai da Dala da Mandawari da Gwale waɗanda ke karatu a Ingila da Jamus da Hangari da Turkiyya, waɗanda kuɗin jirgin sama ba ya barinsu su zo gida kowane hutu. Akwai kuma iyaye masu zuwa bikin sauke karatun 'ya'yansu. Dukansu, da zarar sun fara tambayar yadda za su zagaya ƙasashe biyu ko uku, abin da ake fara nuna masu shi ne wani tikiti da ake kira fas. Sau da yawa akan saye shi da ɗoki, sa'an nan daga baya a gane cewa ko dai an yi asarar kuɗi, ko kuma an sayi tikitin zuwa ƙasar da ba a da iznin shiga.

MENE NE FAS?

Tikitin da aka saba da shi yana ɗaukar mutum ne daga wannan tasha zuwa waccan, a rana kaza, a jirgi kaza. Shi kuwa fas kwanaki ake saye, ba tashoshi ba. A duk ranar da mai shi ya zaɓa, yana iya shiga jirage ko nawa ne, daga sha biyun dare zuwa sha biyun daren da ke biye, ba tare da ya sake biyan kuɗin tafiya ba. Mutumin Kano ba ya bukatar dogon bayani a nan, gama bambancin da ke tsakaninsu shi ne bambancin mai sari a Kantin Kwari da mai sayen turmi ɗaya. Sari yana da rangwame, amma ga wanda zai iya ƙarar da kayan. Wanda ya sari dila alhali turmi biyu yake bukata, ya ɗaure kuɗinsa ke nan a banza.

Fas iri biyu ne suka shahara a Turai. An fara sayar da Eurail a shekarar 1959 domin baƙi masu zuwa daga wasu nahiyoyi. A shekarar 1972 kuma aka fito da Interrail domin samarin Turai da kansu, ya haɗa ƙasashe 21, daga baya aka buɗe shi ga kowa, yaro da babba. A yau babban fas na kowannensu yana aiki a ƙasashe 33, tun daga Fotugal a yamma har Turkiyya a gabas, tun daga Finlan a arewa har Girka a kudu. Bayan babban, akwai ƙarami na ƙasa ɗaya tak, ga wanda ba zai fita Italiya ko Sifen ba, alal misali, akwai kuma wanda ya haɗa Beljiyam da Holan da Laksambag a tikiti guda.

TAMBAYA TA FARKO: INA MUTUM YAKE ZAUNE?

Ba fasfo kaɗai ke raba Eurail da Interrail ba, mazauni ma yana rabawa. Ɗan Nijeriya da ya taso daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano ya je ziyara, Eurail zai saya. Ɗan Nijeriya da ke riƙe da takardar iznin zama a wata ƙasar Turai, kamar ɗalibi, Interrail ya dace da shi, kuma mai duba tikiti yana da ikon ya nemi ganin takardar da ke tabbatar da haka.

A ɗauki misalin wani ma'aikacin Sakatariyar Audu Baƙo da ya je Jamus ganin ɗansa mai karatu. Uban zai riƙe Eurail, ɗan kuwa Interrail, kuma babu abin da zai hana su zauna a kujeru biyu na tarago ɗaya. Amma akwai wata ƙa'ida wadda ta shafi ɗan ba ta shafi uban ba. Mai Interrail ba ya yawo da shi yadda ya ga dama a ƙasar da yake zaune. Kwana biyu kaɗai aka ba shi, ɗaya na fita, ɗaya na komowa. To, idan nufinsu shi ne su zagaya biranen Jamus har kwana biyar sa'an nan su leƙa Holan, fas ɗin uban zai yi aiki duka kwanakin, na ɗan kuwa zai tsaya a kwana biyu, sauran sai ya sayi tikiti dabam. Wanda bai san wannan ba sai ya ji labari daga bakin mai duba tikiti, alhali jirgi yana tafe, ga tara tana jiransa.

Shekaru ma suna da nasu hukuncin. Wanda bai wuce shekara 27 ba ana ɗaukarsa matashi, kuma akan rage masa kimanin kashi 25 cikin ɗari. Wanda ya kai 60 akan rage masa kashi 10. Yara 'yan shekara 4 zuwa 11, har guda biyu, suna iya bin babba mai cikakken fas ba tare da an biya masu kuɗin tafiya ba, amma dole a yanka masu nasu fas ɗin tun wajen saye, ba a sungume su kawai a shiga da su ba.

TAMBAYA TA BIYU: KWANA NAWA ZA A YI A KAN DOGO?

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ƙirga kwanakin hutu a maimakon kwanakin tafiya. Mutumin da zai yi mako biyu a Turai ba mako biyu zai yi a cikin tarago ba. Zai sauka, ya kwana biyu ko uku a gari, ya gaida 'yan'uwa, ya shiga kasuwa, ya huta. In aka duba sosai, sai a tarar ranakun da zai yi doguwar tafiya ba su wuce huɗu ko biyar ba.

Saboda haka ne aka raba babban fas gida biyu. Akwai na tsinke, wanda mutum ke zaɓen ranakunsa: kwana 4 ko 5 ko 7 a cikin wata ɗaya, ko kwana 10 ko 15 a cikin wata biyu. Akwai kuma na jere, wanda da zarar an buɗe shi kwanaki suna tafiya ko an hau jirgi ko ba a hau ba: kwana 15, kwana 22, wata ɗaya, wata biyu ko wata uku. Na jere ya fi dacewa da ɗalibin da ya sami dogon hutu kuma ya yi niyyar kusan kullum ya kwana a sabon gari. Ma'aikaci mai ƙididdigaggun kwanaki, na tsinke ya fi masa.

Ga yadda lissafin yake. A jadawalin shekarar 2024, fas na kwana 4 a cikin wata ɗaya, a taragon sikinkila, Yuro 283 ne ga babba, Yuro 212 ga matashi. Na kwana 7 kuwa Yuro 381 ne ga babba, Yuro 286 ga matashi. Idan aka raba, kowace rana ta kama kimanin Yuro 71 a na farko, kimanin Yuro 54 a na biyu. Wannan adadi shi ne ma'aunin da mai saye zai riƙe. Sai ya rubuta tafiye-tafiyensa a takarda, ya nemi kuɗin tikitin kowacce ita kaɗai daga kamfanin jirgin ƙasar da abin ya shafa, ya gwada. Duk ranar da tikitinta bai kai wannan adadi ba, ɓata ranar fas a kanta asara ce.

Gajeriyar tafiya, kamar daga Burasil zuwa Amsterdam a jirgin da ba na gudu ba, sau da yawa kuɗinta ba ya kai wannan ma'auni. A Laksambag ma tun daga watan Maris na 2020 jiragen ƙasa na cikin gida kyauta ne a sikinkila. Haka nan wanda ya san ranarsa da sa'arsa tun da sauran makonni, yana iya samun tikitin doguwar tafiya a Jamus ko Italiya da araha ƙwarai, da sharaɗin ba zai canza jirgi ba. Amma wanda ya je tasha ran tafiya ya nemi tikitin ratsa Jamus daga kudu zuwa arewa, yana iya biyan fiye da Yuro 100. A nan ne fas ke nuna amfaninsa. Watau abin da mai fas yake saye a gaskiya shi ne 'yancin canza shawara: in hira ta yi daɗi ya ƙara kwana, in jirgin safe ya wuce shi ya shiga na rana. Wanda tafiyarsa ta riga ta tsaru daram, bai cika bukatar wannan 'yanci ba, kuma bai kamata ya biya kuɗinsa ba.

Kada a ɗauki waɗannan kuɗaɗe da wasa. Tun daga watan Yuni na 2023 da aka saki farashin Naira, canji ya yi tsada, har a ƙarshen 2024 Yuro ɗaya ta haura Naira 1,500, abin da kowane mai zuwa wurin 'yan canji na Wapa ya sani. A kan wannan farashi, fas na kwana 4 na babba ya haura Naira 420,000, watau albashin wata shida ke nan na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka zartar a watan Yuli na 2024. Abin da ya kai haka ya cancanci a zauna da alƙalami da takarda kafin a sa hannu a aljihu.

TAMBAYA TA UKU: KUƊIN KUJERA

Fas yana biyan kuɗin tafiya, amma a jirage da yawa ba ya biyan kuɗin wurin zama. A Faransa da Italiya da Sifen, jiragen nan masu gudun tsiya ba a shigarsu sai an kama kujera tun da wuri, kuma kowace kujera da kuɗinta. A Jamus da Ostiriya da Suwizalan da Holan da Beljiyam kuwa, yawancin jiragen cikin gida mutum yana iya shiga da fas ɗinsa kawai, ya zauna inda ya sami wuri. Saboda haka fas guda ɗaya yana iya zama garaɓasa ga mai yawo tsakanin Balin da Biyana, ya zama kaya ga mai yawo tsakanin Faris da Milan da Basalona, inda kusan kowace tafiya sai an ƙara ciko.

Jirgin Eurostar, wanda ke bi ta ramin ƙarƙashin teku da aka buɗe a 1994 tsakanin Ingila da Faransa, shi ya fi tsanani. Kuɗin kujerar mai fas daga Landan zuwa Faris ya kai Yuro 30 ko fiye, kuma kujerun da aka keɓe wa masu fas ƙididdigaggu ne. A lokacin zafi, sa'ad da Turawa da kansu ke hutu a watannin Yuli da Agusta, suna iya ƙarewa tun da sauran kwanaki, mutum ya tsaya da fas a hannu babu wurin zama.

Jiragen dare suna da wata fa'ida wadda ya kamata mai ƙaramin ƙarfi ya sani. Idan mutum ya shiga da yamma ya sauka da safe bai canza jirgi bayan sha biyun dare ba, ranar da ya tashi kaɗai ake ƙirga masa, ga shi kuma ya tsira daga kuɗin masauki na dare guda. Sai dai gado ko kujerar da zai kwana a kai, dabam ake biya. Haka kuma fas ba ya aiki a jiragen ƙarƙashin ƙasa da bas-bas na cikin gari, don haka kuɗin zirga-zirgar cikin birni ma sai an shigar da shi lissafi.

Tun daga shekarar 2020 yawancin masu saye a wayar hannu suke karɓar fas ɗinsu, ta manhajar Rail Planner. Kafin a shiga kowane jirgi dole a rubuta shi a cikin manhajar, in ba haka ba ana ɗaukar mutum tamkar ba shi da tikiti. Wayar kuma tana bukatar a riƙa haɗa ta da intanet a kai a kai. Wanda cajin wayarsa ya ƙare a tsakiyar hanya, tikitinsa ya ƙare tare da shi, saboda haka abin caji ya shiga cikin guzuri kamar yadda dardumar salla ta shiga.

TAMBAYA TA HUƊU, WADDA TA FI DUKA: BIZA

Duk abin da aka zana a baya lissafin kuɗi ne, kuma kuskure a cikinsa aljihu yake taɓawa. Kuskuren biza kuwa yana iya rushe tafiyar baki ɗaya. Fas takarda ce ta kamfanonin jirgi. Iznin shiga ƙasa na hukuma ne, kuma babu abin da ya haɗa su. Alhazan dā da suka bi ta ƙasa, ta Barno da Fort Lamy, watau Njamena ta yau, har suka hau jirgin ƙasa a Al-Ubayyid ta Sudan zuwa bakin Bahar Maliya, sun san cewa tikiti dabam, takardar tafiya dabam. Jikokinsu ne hoton taswira mai ƙasashe 33 ke ruɗa.

Abin da ya sa jirgi ke wucewa daga Faransa zuwa Jamus ba tare da tsayawa ba shi ne yarjejeniyar Shengen, wadda aka ƙulla a 1985 aka fara aiki da ita a 1995, kuma a shekarar 2025 ƙasashe 29 ke cikinta. Ɗan Nijeriya da ya sami bizar Shengen yana iya yawo a cikinsu har kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Tun daga watan Yuni na 2024 kuɗin nemanta Yuro 90 ne ga babba, kuma ana bukatar inshorar lafiya wadda ta kai Yuro 30,000. Ana nemanta ne daga ƙasar da mutum zai fi daɗewa, in kwanakin sun zo daidai kuma, daga ƙasar da zai fara sauka.

To, daga cikin ƙasashe 33 na fas, guda 7 ba sa cikin Shengen: Birtaniya, Ailan, Turkiyya, Sabiya, Bosniya, Montenegro da Masedoniya ta Arewa. Birtaniya da Ailan ba sa karɓar bizar Shengen ko kaɗan, kowacce sai an nemi tata. Sauran kuma kowacce da nata sharaɗin, wanda ya kamata a ji daga ofishin jakadancinta, ba daga bakin abokin tafiya ba. Mai shiga Eurostar, tun a tashar Faris ake duba fasfonsa, kuma wanda ba shi da bizar Birtaniya ba zai ko ga ƙofar tarago ba, ko da ya biya kuɗin kujera.

Akwai wani tarko kuma a jikin bizar kanta. Wata ana ba da ita ne don shiga sau ɗaya, wata sau biyu, wata sau da yawa. Wanda ke da ta shiga sau ɗaya, in ya fita daga Faris ya je Landan, ya rufe wa kansa ƙofar komowa, ko da kwanakinsa ba su ƙare ba, ko da kuwa jirgin saman da zai mai da shi Kano daga Faris zai tashi. Ɗalibai ma su lura: wanda ke da iznin zama a Jamus ko Hangari yana iya ziyartar sauran ƙasashen Shengen ba tare da sabuwar biza ba, amma wanda ke karatu a Ingila ko Turkiyya sai ya nemi ta Shengen kamar wanda ya taso daga Ƙofar Wambai. A cikin Shengen ɗin ma ba a barin fasfo a masauki, domin ƙasashe suna da ikon mai da bincike na ɗan lokaci, kamar yadda Jamus ta yi a dukan iyakokinta na ƙasa daga watan Satumba na 2024.

Saboda haka tsarin da ya fi aminci shi ne: biza tukuna, sa'an nan fas, sa'an nan kujera. Ana iya neman bizar Shengen tun da sauran wata shida, kuma amsa takan ɗauki kwana 15, wani lokaci har 45. Shi kuwa fas cikin 'yan mintoci ake sayensa, kuma ana ba mai shi wata 11 kafin ya buɗe shi. Wanda ya fara sayen fas aka zo aka hana shi biza, yana iya neman a mai do masa da kuɗinsa, amma akan yanke wani abu, wanda aka saya a lokacin rangwame kuma sharuɗɗansa sukan fi tsauri. Matambayi ba ya ɓata.

DARASI GA DOGON MARAƊI

Wannan magana ba ta masu zuwa Turai kaɗai ba ce, gama Kano na sa ran samun nata jirgin mai tsallake iyaka. Ran 9 ga Fabrairu, 2021, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin shimfiɗa dogo daga Kano zuwa Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, wanda aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal a kan kuɗi kusan Dala biliyan 2. Tsawonsa kimanin kilomita 284 ne, zai bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, da reshe daga Kano zuwa Dutse. Faɗinsa milimita 1,435 ne, daidai da na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, daidai kuma da na yawancin Turai. Har zuwa shekarar 2025 aiki ake yi, ba a kai ga ɗaukar fasinja ba.

Ran da aka gama shi, ɗalibin Jami'ar Bayero da ke da dangi a Maraɗi, da ma'aikacin da ke son ya yi hutunsa can, za su fuskanci tambayoyin nan guda huɗu a ƙofar gidansu. Tarihin Turai kuwa yana da abin da zai koya a nan. Daga fitowar Interrail a 1972 zuwa buɗe iyakoki a 1995, shekara 23 ke nan masu fas suna miƙa fasfo ana dubawa a yawancin iyakoki. Kamfanonin jirgi sun daidaita a kan jadawali da rabon kuɗin tikiti tun kafin gwamnatoci su daidaita a kan iyaka. Aiki biyu ne, kuma kowanne da masu yinsa.

A Afirka ta Yamma abin ya zo a juye. Yarjejeniyar zirga-zirga ta ƙungiyar ECOWAS, wadda aka ƙulla a 1979, ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar iznin shiga ƙasashen juna har kwana 90 ba biza, watau an buɗe ƙofa tun babu dogo. Amma ƙofar ba ta zauna a buɗe kullum ba. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. An sake rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin da aka yi a Yamai ran 26 ga Yuli, 2023, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe. Ran 29 ga Janairu, 2025, Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga ECOWAS, ko da yake ƙungiyar ta ba da sanarwa a lokacin cewa za a ci gaba da barin mutanensu su yi zirga-zirga ba biza har sai an sake shawara. Da a ce jirgin Maraɗi yana aiki a waɗancan watanni, da ya tsaya a Jibiya da fasinjansa, kowa da tikitinsa a hannu.

Saboda haka akwai abubuwan da ba kwangila ce za ta warware su ba: inda za a duba fasfo da katin allurar shawara, ko a tasha kafin tashi ko a cikin jirgi yana tafiya, ko za a sayar da tikiti da Naira da Sefa duka, da kuma ko ɗalibai da masu yawan zirga-zirga za su sami tikitin kwanaki mai rangwame. Ƙasashen biyu suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971 mai mazauni a Yamai, kuma irin waɗannan batutuwa su ne ya kamata a gama kafin a ji kukan jirgi, ba bayan fasinja sun cika tasha ba.

Kafin wannan rana, mai shirin tafiya hutu wata nahiya ya riƙe abu huɗu. Ya san inda hukuma ta ɗauke shi mazauni, domin ya san fas ɗin da ya halatta gare shi. Ya ƙirga ranakun da zai hau jirgi, ba ranakun da zai yi a waje ba. Ya haɗa kuɗin kujera a kan kuɗin fas kafin ya gwada shi da tikitin ɗai-ɗai. Sa'an nan ya buɗe fasfonsa ya karanta bizarsa da kyau, ya ga ƙasashen da ta ba shi, da sau nawa ta yarda ya shiga. Tafiya mabuɗin ilimi ce, amma mai tsaron iyaka ba tikiti yake tambaya ba.